Bargo Mai Ƙuna a Tsakiya

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa game da shekarar da mahaifiyarku ta rasu. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma gidan nan ba shi da girma, kuma kunnena bai tsufa kamar idona ba. Matan cikinku suna cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni, shi ya sa na saɓi buhun tsumma ina bin garuruwa. Babangida kuwa, babbanku, cewa yake na tona wa uwarsa asiri tana cikin kabari. Yau shekara huɗu ke nan yana zuwa daga Dutse, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye abin da ya kawo, ya juya kafin la'asar. Bai ƙara kwana a gidan nan ba. Ban taɓa zaunar da ku na yi bayani ba, don da baki ina saurin hasala. Shi ya sa zan rubuta, tun ina iya ganin layin takarda.

Ni tela ne, kun sani, amma rabin rayuwata ba a Kazaure na yi ta ba. Na yi ɗinki a zangon Kumasi har yaren Asante ya zauna a bakina, na yi a Njamena inda na tsinci Faransancin kasuwa, na yi a Omdurman, na ƙare a Jidda ina ɗinka wa Larabawa jallabiya. Gida nakan zo ne kamar baƙo, wani lokaci shekara biyu ban leƙo ba. Wadda ta riƙe gidan nan ita ce mahaifiyarku, da keken hannun da na kawo mata daga Kumasi. Ni na nuna mata yadda ake zura zare da yadda ake yanka, sauran ita ta koya wa kanta. Kafin na ankara sunana ya ɓace a unguwa, an koma cewa gidan Dije mai keke. Daga Roni, daga Gwiwa, har daga rugage mata suke aiko mata da atamfa, musamman ta lefe, don ba ta saɓa ranar da ta ɗiba wa mutum.

Akwai ƙa'idar da maigidana ya koya mini tun ina koyon sana'a: ragowar yadi na mai yadi ne, ko da bai kai tafin hannu ba. A Jidda na ga ana share shi a zuba a bola, ba mai tambaya. A Kumasi mai kaya takan tsaya a kanka har sai ka ƙulle mata nata. A wajenmu kuwa abin a tsaka-tsaki yake. Babba a mayar, ƙarami a yi shiru. Mai kaya ba ta tambaya don kada a ce ta cika ƙwauro, tela ba ya tayar da zance don kada a ce ya cika iyayi. Mahaifiyarku ba ta iya zubar da ƙyalle. Duk abin da almakashi ya bari sai ta cusa a buhu. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita a shekarunta na ƙarshe, sai ta zazzage buhun ta fara harhaɗawa. Da hannuna a ciki, don ni na ba ta labarin alhazan Pakistan da nakan gani a Makka suna shimfiɗa barguna na ƙyalle-ƙyalle, masu kyau har mutum ya ji nauyin taka su. Amma ita nata salon ta yi. Ƙyallayen kowane gida sai ta haɗe su wuri ɗaya, su zama falle guda kamar faɗin faifai, kowane falle kuma ta kira shi “gida”. Wannan gidan mahauta ne, wancan gidan mai goro na Roni. Ba ta rubuta ko ɗaya ba, duk a kanta suke. Ba ta kai ga haɗa fallayen da juna ba ciwon ya kwantar da ita.

Saura kwana uku ta cika, bayan azahar, ɗakin ya ɗan yi sarari, ta yafito ni da hannu.

“Malam, buhun nan. Ban tambayi kowa ba.”

Na ce, “Haba Dije, ƙyallen da bai isa ɗaure yatsa ba?”

“Kai ka ce haka. Masu shi ba su ce ba.” Ta numfasa. “Ka nema mini yafiya, gida-gida. Asabe ta san yawancinsu. Akwai wani a can ƙasa, na ɗaure shi da baƙin zare. Na Babura ne. Shi kam kada ka aiki kowa, ka je da ƙafarka.”

Zan tambaye ta na wa ne a Babura, sai 'yan dubiya suka yi sallama. Ba mu sake samun keɓewa ba. Abin da na iya ce mata shi ne, “Na ɗauka.” Duk abin da kuka ga na yi a shekarar nan, daga wannan kalma ya fito.

Bayan sadakar arba'in aka raba kayanta. Keke ya tafi wajen autarku. Buhun kuwa ba wanda ya so shi, har wata daga cikinku ta ce a cusa a matashin kai. Da na faɗi abin da zan yi da shi, Babangida ya bari sai da kowa ya tashi, sannan ya matso kusa.

“Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai akwai hanya mai sauƙi. A yi sadaka da niyyar masu shi, shi ke nan. Mutum kamarka ya riƙa tsayawa a ƙofar gidajen mutane da tsumma a hannu, me za a ce?”

“Sadaka ta wanda ba a san inda yake ba ce. Waɗannan an san ƙofofinsu.”

“To a bar wa mata su je.”

“Ni ta ce.”

Na gane abin da yake jin kunya. A Omdurman na ga dattijo yana buɗe akwati ya nuna wa baƙo rigar kakansa mai faci, yana taƙama da ita. Na ga mutanen Senegal a wajen aikin Hajji da riguna ƙyalle kan ƙyalle, suna tafiya da ƙafaɗa a buɗe. Amma a Kazaure faci na mutum biyu ne, wanda ba shi da shi da wanda ya zare. Ban ga laifinsa ba a wannan ranar. Ban kuma fasa ba.

Matsalar ita ce namiji ba ya shiga gidan matan aure, ko da ya yi furfura har gira. Sai na je wajen Asabe, ƙanwar mahaifiyarku, wadda kuke kira Inna Asabe. Tun tana yarinya muke wasa da ita, kuma ko da ta haura sittin bakinta bai ragu ba. Ta saurare ni har na gama, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce:

“Wato sai da Yaya ta tafi za ka fita yawo da ni, angon ƙarya? To ka sani, duk garin da muka sauka tsire za ka saya.”

“Da waɗanne haƙoran za ki ci?”

“Da naka waɗanda ka baro a Jidda.”

Da kaka muka fara, daga unguwarmu. Ni in tsaya a zaure, ita ta shiga da fallen gidan, ta fito mini da amsa. Tsofaffi kuwa da kansu suke fitowa. Ban taɓa sanin mace ba ta manta zanenta ba sai a wannan yawo. Wata ta ɗora yatsa a kan ƙyalle kamar ganyen zogale, ta ce da shi ta yi fitar sunan ɗanta na fari, ɗan kuwa ga shi nan zaune kusa da ni da gemu fari. Wata ta nuna shuɗi ta ce wannan na uwarta ne, ta ce mu ɗan bar mata shi ta riƙe kafin mu tafi. Inda mai shi ta rasu, sai mu nemi 'ya'yanta. A Roni wata tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Yanzu saboda wannan kuka hau mota? Kai, Dije da abin dariya take. Idan kun koma ku ce mata...”

Sai ta tuna ba inda za a kai saƙon. Ta ninke fallen ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce ta yafe.

A Gwiwa ranar kasuwa muka je, don a nan ake samun matan ruga. Muka sami wadda muke nema a gindin tsamiya da ƙwaryar nononta. Na gaishe ta da Fulatancin da na sha a nonon uwata, ta sake da ni. Ta daɗe tana juya fallen, sannan ta ce duk ta yafe, amma jan nan na gefe ba nata ba ne, na maƙwabciyarta ne da suka yi ƙaura can wajen Damagaram, ba wanda ya san inda suka yada zango. Ta ce ita ba ta yafe abin da ba nata ba. Nan take na ciro reza na farke jan na ware shi. Shi ne kaɗai wanda na fitar wa sadaka. Da ta ga giɓin da ya bari, sai ta kama bakin ɗankwalinta ta yage da haƙori ta ba ni, ta ce in toshe. Haka mata da yawa suka yi. Mun fita don buhu ya ragu, sai ga shi yana ƙaruwa. Asabe ta ce idan muka ci gaba a haka, sai mun yi wa dutsen Roni riga.

Duk fallen da aka yafe sai in saka shi a kwando daban. Da sanyi ya shigo kwandon ya cika, na fara haɗi. A zaure nake yi, da hantsi, lokacin da haske ya fi kama idona. A nan na gane shekara hamsin ɗin da na yi ina ɗinki ba za su taimake ni ba. Ban taɓa sa almakashi a yadi ba tare da awo ba. Balarabe yakan dawo maka da jallabiya saboda rabin yatsa. Na Pakistan da na gani kuma a tsare suke, kowane gida daidai da ɗan'uwansa kamar an buga da inji. Na mahaifiyarku kuwa ba biyu masu girma ɗaya. Wani dogo, wani a karkace, akwai ma mai kusurwa biyar. Sai na ɗauko tef ɗin awo da alli, na kama na farko na daidaita shi, na yanke gefensa. Abin da ya faɗo ƙasa har da wani ɗan kore da aka gaya mini hular jariri ce. Asabe ta shigo ta same ni ina kallonsa.

“Sannu da aiki, babban tela. An ce ka nemo yafiyar ƙyalle, kai kuma kana haifo sababbi. Yaya da tef ta ɗinka su?”

Na mayar da koren inda na cire shi, na rataye tef a ƙusa. Daga ranar na koma yi da ido. In shimfiɗa fallaye a tabarma, in yi ta juya su har sai biyu sun zauna da juna. Inda suka ƙi haɗuwa in yanko tsiri daga tsofaffin jallabiyoyina in cike tsakani, siriri a nan, mai faɗi a can. Mai duhu in neme masa mai haske. Wani haɗin in kwana uku ina kallonsa, rana ta huɗu in farke. Masu wucewa suna leƙowa su yi sallama, su ga Alhaji a tsakiyar tsummoki, su yi gaba da sauri. Tun ina jin nauyi har na daina ɗago kai. Daga gefuna na faro ina shigowa ciki, na bar tsakiya a buɗe saboda na Babura. A zatona tunda ta ware shi, shi ne ya fi kowane kyau.

Na bar shi ƙarshe, ina ce wa kaina saboda nisa ne. Sai da bazara ta kama sannan na kwance baƙin zaren, Asabe tana zaune. Ba falle ba ne, ba kuma ƙyalle ba ne. Atamfa ce 'yar Holan, ruwan goro da fari, ta kai yadi guda, sabuwa kamar jiya aka yanko ta. A tsakiyarta ga shatin dutsen guga na gawayi ya fito raɗau, baƙi ƙirin, cikinsa ya cinye. Asabe ta kai hannu ta dawo da shi.

“Inna lillahi. Ta Tabawa ce.”

Ita ta ba ni labarin, don ni lokacin ina Sudan. Tabawa 'yar maƙwabciyarmu ce, Iya Kande mai daddawa. Shekara talatin da biyar da suka wuce aka yi mata aure zuwa Babura, aka kawo kayan lefenta gidan nan don a ɗinka. Turmin da ya fi kowane tsada shi ne wannan. Da aka mayar da ɗinki, zane ya gaza, ɗankwali babu. Aka tambayi tela, ta ce haka aka kawo mata turmin, bai cika ba. Hansatu, yayar ango, wadda ta sayo shi da hannunta, ta ce ita cikakke ta kawo. To tsakanin gidan ango da gidan tela, a hannun wa kaya suka kwana? A hannun uwar amarya. Aka ce Iya Kande ta yanki rabonta ta sayar. Kowa ya yarda, don ba a taɓa kama Dije da ƙarya ba. Asabe ma ta yarda, sai yau da ta ga ƙunar.

Da ban kwance zaren a gaban Asabe ba, ban san abin da zuciyata za ta raya mini ba. Ba zan yi muku ƙaryar waliyyaka ba. Amma na kwance, kuma na riga na ce na ɗauka. Washegari muka hau bas.

Mijin Tabawa ya rasu, ita ce babba a sashenta, don haka da kanta ta fito zaure. Muka gaisa, ta yi mana ta'aziyya. Na warware atamfar a gabanta na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta taɓa ta ba. Ta kalli ƙunar, sannan ta ce:

“Alhaji, da ƙyalle ne da na ce ka tafi da shi. Uwata ta rantse har ta gaji, ta mutu ana kiran ta mai yanke turmi. 'Ya'yana an goranta musu a bakin rijiya. Hansatu tana nan da ranta, katanga ce tsakaninmu, har gobe in magana ta haɗa mu sai ta tuna mini. Yanzu ka zo zaure, mu uku, in ce na yafe, a ninke a mayar buhu?”

Asabe ta ce, “Tabawa, ki dubi Allah. Yaya tana ƙasa.”

“Uwata a sama take?” Ta juyo gare ni. “A gaban mutane aka ɗora mana. Idan za a sauke, a gabansu za a sauke. Ka zo ka faɗa da bakinka Hansatu tana ji. In ba haka ba, ka ɗauki kayanka, mu haɗu da ita can lahira.”

Na ce ta ba ni mako guda. Da na dawo na kira Babangida a waya ya zo, don shi ne babba, bai kamata ya ji a bakin duniya ba. Na nuna masa, na gaya masa komai. Ya zauna ya riƙe kai.

“Baba, wanda ya mutu ba ya kare kansa. In dole sai ka je, ka ce mantuwa ce. Ka ce ya faɗa bayan akwati, sai yanzu aka gani.”

“In yi mata sabuwar ƙarya in ɗora a kan tsohuwa?”

“Mu ne za mu zauna da sunan nan, da 'ya'yanmu.” Ya ɗago, abin da bai taɓa yi mini ba. “Ka yi haƙuri Baba, amma lokacin kana ina? Ni na san da me muka ci tuwo a shekarun nan. Da keken nan ne. Da an ce ta ƙona 'yar Holan, wa zai sake kawo mata ɗinki?”

Gaskiya ya faɗa, kuma ina so ku ji ta daga wajena. A lokacin shekarata biyu a Omdurman, ba aike, ba wasiƙa. Mace ita kaɗai da yara huɗu, garwashi ya yi wa dutsen guga yawa, wani ya yi kuka ta waiwaya. Ba ta da abin da za ta sayi wani turmin, ba ta da wanda za ta gaya wa. Tsoro ya sa ta faɗi magana ɗaya, maganar ta faɗa kan wadda ta fi ta rauni. Rabin ƙunar nan tawa ce. Na gaya masa haka. Ya ce to in bar ta a rufe ko don wannan. Na ce ba zan iya ba. Ya tashi ya ce a gafarce shi, shi ba ya ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsaya a zauren gidan su Tabawa. Ta tara dattawan gidan da mai unguwa, mata kuma sun cika bayan zana, ina jin motsinsu. Aka fito da Hansatu a riƙe, ta tsufa ƙwarai, aka zaunar da ita a bakin ƙofar ciki. Na taɓa yin magana a gaban alƙali da Larabci, na taɓa yin ciniki da Faransanci, amma ban taɓa jin harshe ya yi mini nauyi kamar Hausar da na yi ranar ba. Na ɗaga atamfar yadda kowa zai gani. Na ce ni ne mijin Dije mai keke ta Kazaure. Na ce matata ce ta ƙona wannan, ta yanke, ta ɓoye, ta ce turmi bai cika ba. Na ce Iya Kande ba ta taɓa shi ba. Na ce kafin ta rasu ta aiko ni, ga ni na zo.

Hansatu ta ce a miƙo mata. Ta kai shi dab da ido.

“Ni na sayo shi. Cikakke na sayo shi.”

“Cikakke ne, Hajiya. A gidana ya ragu.”

Ta yi ta shafa gefen ƙunar da babban yatsa. Can ta ce, ba da kowa take ba, “Kande ta riƙe mini zane tana rantsuwa, na fizge.” Sannan ta nemi inda Tabawa take. “Tabawa, ki yafe mini.”

“Taki daban ce, Yaya. Wannan a cikin gida za mu yi ta.” Tabawa ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda na bayan zana za su ji. “Kowa ya ji dai ko? To ni na yafe wa Dije, duniya da lahira. Na uwata ma, ni ce magajiyarta, na yafe.”

Na zauna a inda nake. Da aka yi addu'a aka watse, na ninke atamfar na miƙa mata, tunda tata ce. Ta ture hannuna.

“Asabe ta ce bargo kake yi. Saka shi a ciki. Amma kada ka yanke ƙunar, kada ka rufe ta. Duk wanda ya tambaya a gaya masa.”

Labari ya riga bas ɗinmu isa Kazaure. An yi magana, ba zan ce ba a yi ba. Akwai waɗanda suka ce ashe haka Dije take. Akwai gidan da muka sha fura da kaka, da damina suka daina amsa gaisuwar Asabe da fara'a. Ku ma kun ji naku a gidajen biki, kun dawo kuna kuka, na sani. Ita kanta Asabe sai da ta yi wata guda ba ta tsokane ni ba.

Da ruwa ya sauka na koma kan tabarma. Giɓin da na bari a tsakiya bai kai atamfar ba, sai da na farke gidaje huɗu na matsar da su. Na sa farin yadin akoko a bayan ƙunar don kada ta ci gaba da yagewa, na bi gefenta da allura, ɗinki ƙanana, kwana shida ina yi don ido ya fara gardama. Kusa da ita na ɗora fallen gidanmu, wanda mahaifiyarku ta haɗa daga kayan makarantarku da na Sallah. Na sa tsohon bargonmu a ciki don kauri, na bi shi duka da ɗinkin hannu, layukan suna karkacewa kamar kunyar gonar da aka yi da garmar shanu. Ban gyara su ba. Ranar da na tsinke zaren ƙarshe Asabe ta zo, ta zagaya shi sau biyu, ta ce bai kai na Yaya ba amma na yi ƙoƙari a matsayina na ɗan koyo.

Shi ne wanda kuke gani a kan gadona. Na lura duk wadda ta zo gyara mini ɗaki sai ta ninke shi ƙunar tana ciki. Ku daina. Bayan raina ma ya zauna a gidan nan, a shimfiɗe, jikokina su tambaya a ba su amsa.

Kai kuma Babangida, ban rubuta wannan don ka ce na yi daidai ba. Abu ɗaya nake so ka duba. Ka san inda keken uwarka yake zama, a rumfa, taku uku daga murhu. Shekara talatin da biyar tana hura wutar nan safe da yamma, atamfar tana cikin buhu a bayanta. Ba wanda ya san da ita, ko ni. Da so take a rufe, da hannu kawai za ta miƙa. Ba ta miƙa ba. Ta ɗaure ta da baƙin zare, ta jira har ta sami wanda zai je da ƙafarsa.

Ɗakinka yana nan, ana share shi duk Juma'a.